Wai Akwai Ƙwayar Gadon Tafiya a Ayari? Sharhi Kan Binciken Kifin Sitikilbak

Idan ka taɓa tsayawa a bakin rafi ka zuba wa ƙananan kifaye ido, ka san abin da zan yi magana a kai. Suna tafe gaba ɗaya, kawunansu na kallon wuri guda, sai inuwarka ta faɗa kan ruwa, duk su juya a tare kamar an ja su da zare. Babu madugu, babu mai busa usur. To me ya koya musu? Gado ne, ko kuwa gani suka yi suka kwaikwaya?

Akwai wani jerin bincike da ya yi suna wajen amsa wannan tambaya, wanda wasu masana a birnin Seattle na Amurka suka wallafa tsakanin 2011 da 2016. Idan ana taƙaita labarinsa, abin da aka saba faɗa shi ne an gano ƙwayar gadon da ke sa kifi bin 'yan'uwansa. Na karanta takardun, kuma ina ganin aikin yana cikin mafi kyau da aka yi a wannan fage. Amma wannan taƙaitawar ta fi ƙarfin abin da aka auna. A nan zan nuna maka abin da aka yi, inda ya cancanci yabo, da inda nake da ja.

Taro daban, ayari daban

Kafin mu shiga, akwai bambancin da masu nazarin kifi suke yi wanda duk maganar ta rataya a kansa. Kifaye kan taru wuri ɗaya saboda son zama kusa da juna, kowa na kallon inda ya ga dama. Wannan taro ne, kamar mutane a bakin kasuwa. Kifaye kuma kan jeru, su fuskanci wuri guda, su daidaita sauri, su juya tare. Wannan shi zan kira ayari. Duk ayari taro ne, amma ba duk taro ne ayari ba.

Amfanin ayari ga ƙaramin kifi a sarari yake. Idanu sun yi yawa, don haka ana saurin hango maƙiyi. In maƙiyin ya kawo hari, a cikin ɗaruruwa zai ɗauki ɗaya, kuma yawan masu motsi iri ɗaya na rikita shi. Amma akwai kuɗin da ake biya: abinci sai an raba, cuta na saurin yaɗuwa. Shi ya sa inda babu maƙiya da yawa, ko inda akwai wurin ɓuya, kifi kan rage bin ayari.

Kifin da tarihinsa

Sitikilbak ɗan ƙaramin kifi ne, tsawonsa bai cika wuce ɗan yatsa ba, yana da ƙayoyi uku a gadon bayansa. Ana samunsa a arewacin duniya, a Turai da Arewacin Amurka da gabashin Asiya. Asalinsa kifin teku ne. Da ƙanƙarar da ta rufe waɗannan yankuna ta narke, shekaru dubu goma da ɗoriya da suka wuce, sai sababbin tafkuna da koguna suka bayyana, kifayen teku suka shiga suka zauna. A cikin wannan ɗan lokaci zuriyarsu ta sauya kama. Na teku yana da sulke na ƙashi a kowane gefe, faranti kusan 30 ko fiye a jere daga kai zuwa wutsiya. Da yawa daga na ruwan daɗi sun rage da ƙasa da 10.

A 2005, ɗakin binciken David Kingsley a Jami'ar Stanford ya nuna cewa ƙwayar gado guda, mai suna Eda, ita ce babbar mai riƙe da wannan bambanci na sulke. Idan na ce ƙwayar gado, ina nufin wani yanki na DNA da ke ɗauke da umarnin wani aiki a jiki. Mu ma mutane muna da Eda. In ta sami matsala a jikin mutum, haƙora da gashi da hanyoyin fitar gumi ne ke shan wahala. Riƙe wannan suna, za mu dawo kansa.

Halayya ma ta sauya. Na teku gwanayen ayari ne. A tafkin Paxton da ke tsibirin Texada, a lardin British Columbia na Kanada, akwai wani nau'i da ke zaune can ƙasan ruwa cikin ciyayi, wanda bai damu da ayari sosai ba. Tunda ana iya haɗa na teku da na tafki su haihu, kuma 'ya'yan su ma su haihu, ka ga an sami damar bin diddigin gadon halayyar kenan.

Ƙafar keke da kifayen roba

Matsalar auna ayari ita ce, in ka saka kifi goma a tanki, abin da kowanne ya yi ya dogara da abin da sauran tara suka yi. To ta yaya za ka ba kifi ɗaya maki? Abigail Wark da Anna Greenwood da Catherine Peichel, a cibiyar bincike ta Fred Hutchinson, sun fito da wata dabara mai arha. Suka ƙera kifayen roba masu siffar sitikilbak, suka rataye su da waya a jikin ƙafar keke a saman wani tanki mai zagaye, suka sa inji yana juya ƙafar. Kifayen roba suka zama ayarin da ke kewaya tankin da sauri iri ɗaya kullum. Sai a saki kifi na gaske guda ɗaya, a ɗauki bidiyo, a auna abu biyu: tsawon lokacin da ya yi yana bin ayarin, da kuma yadda ya daidaita jikinsa da na robar yayin da yake bi.

Kifayen da aka gwada duk a ɗakin bincike aka raine su, cikin yanayi ɗaya. Duk da haka, zuriyar na tekun Japan suka fi saurin shiga ayarin, suka fi daɗewa a ciki, suka kuma jera jikinsu daidai da na robar. Zuriyar na ƙasan tafkin Paxton suka yi ta jan ƙafa, in ma sun bi, sai ka gansu a karkace. An wallafa wannan a 2011.

Mataki na biyu, suka haɗa nau'o'in biyu aure, suka haɗa 'ya'yan da juna, suka sami jikoki sama da 200. A jikin jika, gadon kakanni ya gauraya: wannan yanki daga na teku, wancan daga na tafki. In ka auna halin kowane jika, ka kuma duba wane yanki ya gada daga wane kaka, za ka iya gano yankunan da ke tafiya tare da halin. Sakamakon da suka fitar a mujallar Current Biology a 2013 ya nuna cewa son bin ayari da iya jeruwa a cikinsa ba wuri ɗaya suke ba a DNA. Kifi zai iya gadar son, bai gaji iyawar ba. Ɗaya daga yankunan da suka shafi iyawar yana kan kiromosom na 4, daidai unguwar da Eda take.

Mataki na uku, a mujallar Genetics a 2016, suka dasa sigar Eda ta kifin teku a jikin kifin tafki. Kifayen da aka yi wa dashen suka matsa kusa da salon na teku wajen daidaita jiki da ayari.

Abin yabo

Gaskiya a nan sai an sara musu. Yawancin binciken gadon halayya kan tsaya ne a cewa wannan yanki na DNA yana tafiya tare da wancan hali. Tafiya tare kuwa ba hujja ba ce ta cewa wannan ne ya jawo wancan. A yanki ɗaya na kiromosom akwai ƙwayoyin gado da yawa maƙwabtan juna, ana gadonsu a dunƙule, ba ka san wacce ce mai aikin ba. Su waɗannan masana sun wuce nan, sun sa hannu sun sauya abu ɗaya sun ga halin ya motsa. A dabbobi masu ƙashin baya da ke rayuwa a daji, misalan da aka kai wannan mataki ba su da yawa.

Abu na biyu, raba halin gida biyu da suka yi. Mu da ido muna ganin abu ɗaya ne, kifi na bin 'yan'uwansa. Sun nuna cewa a ƙarƙashinsa akwai aƙalla abu biyu masu tushe mabambanta. A wurina wannan ne ma babban darasin aikin, kuma shi ne wanda taƙaitawar nan take haɗiyewa.

Inda nake da ja

Na farko, kuma mafi girma: abin da aka auna ba ayari ba ne. Kifi ɗaya ne yana bin gumaka. Kifin roba ba ya waiwayowa, ba ya rage sauri don a cim masa, ba ya tsorata, ba ya kauce wa maƙwabci. Ayari na gaske kuwa ba-ni-in-ba-ka ne: kai kana duba na kusa da kai, shi ma yana dubanka. Dabarar ƙafar keke ta yi nasara ne saboda ta cire wannan musayar, amma musayar ita ce ainihin abin da ake son fahimta. Kamar ka ce za ka gane wanda ya iya hira ta hanyar zaunar da shi gaban rediyo. Za ka san ko yana sauraro, ba za ka san yadda zai yi ba in aka mayar masa da magana.

Wannan ba ƙaramar magana ba ce, domin akwai shaidar cewa halin rukuni na fita ne daga yadda mambobinsa suka bambanta. Jolle Jolles da abokan aikinsa, a wani binciken 2017 kan wannan kifin dai, sun nuna cewa kifayen da ba su cika son manne wa wasu ba sun fi sauri, sun fi zama a gaba, kuma su sukan ja ragama. Wato kifin da zai sami ƙaramin maki a jarrabawar bin ayari, a cikin ayari na gaske yana iya zama shi ne madugu. Ga mai nazarin gado wannan na nufin abu mai nauyi: muhallin kowane kifi ya haɗa da gadon maƙwabtansa. Abin da ƙwayar gadonka za ta haifar ya dogara da waɗanda ke iyo a gefenka. Ƙafar keke ba za ta taɓa nuna maka wannan ba.

Na biyu, bambancin da aka bi diddiginsa na tsakanin al'ummomi biyu ne da teku ya raba, ɗaya daga Japan, ɗaya daga wani ƙaramin tafki a Kanada. An zaɓo su ne don suna can ƙarshen ma'auni, kuma zaɓin yana da hikima in kana son ganin alama a fili. Sai dai na ƙasan tafkin Paxton ba sitikilbak na kullum ba ne. A wannan tafkin ma akwai wani nau'in da ke zaune a saman ruwa, kuma su biyun ba su cika haihuwa da juna ba, har masana da yawa ke ɗaukarsu kamar jinsi biyu. Don haka in aka ce wannan bambanci ne a cikin jinsi ɗaya, gaskiya ne a suna, amma ba shi ne irin bambancin da ke tsakanin kifaye ashirin da ke ayari ɗaya a tafki ɗaya ba. Abin da ya raba Bakano da mutumin wata nahiya, ba lallai shi ne ya raba 'yan gida ɗaya ba. Tambayar me ya sa wannan kifi ya fi ɗan'uwansa bin ayari tana nan daram.

Na uku, Eda kanta. Ƙwayar gado ce mai hannu a wurare da yawa. Tana shafar sulke. Ɗakin binciken Peichel ya nuna a 2014 cewa tana kuma shafar tsarin layin ji na gefen jiki, wato jerin ƙananan gaɓoɓin da kifi ke jin motsin ruwa da su. Tun 1976 Tony Pitcher da abokansa suka nuna cewa kifin da aka rufe wa ido yana iya bin ayari muddin wannan layin na aiki. To idan ka dasa Eda hali ya sauya, ta wace hanya ya bi? Ta jin motsin ruwa? Ta taurin jiki da sulke ke kawowa? Ta wani abu a ƙwaƙwalwa? Nuna cewa ƙwayar gado ta motsa hali abu ɗaya ne, nuna hanyar da ta bi wani abu ne daban. Idan takalmi ya sauya tafiyar mutum, ba ma cewa an gano sirrin son yawo.

Akwai kuma yadda aka yi dashen. A daji, bambancin Eda ta teku da ta tafki ya fi karkata ga makunninta, wato a ina ake kunna ta, yaushe, kuma da wane ƙarfi. A gwajin dashe kuwa, an haɗa ta ne da wani makunni na aro mai ƙarfi da masu bincike suka saba amfani da shi, wanda ke kunna ta a sassan jiki da yawa. Wannan ya isa ya nuna cewa ƙarin aikin Eda na iya gyara jeruwa. Bai kai ya zama kwafin abin da ya faru a tafkin Paxton ba.

Sannan ka tuna, abin da Eda ta shafa shi ne iya jeruwa. Shi son bin ayarin, wanda shi ne mutane ke nufi in sun ce kifi mai son jama'a, tushensa na wani wuri. Ashe ko a cikin iyakar binciken kansa, kiran Eda ƙwayar gadon zumunci kuskure ne.

Me sauran kifaye suka ce?

In ka ɗora wannan aiki kusa da wasu, hoton na ƙara fitowa. A Meksiko akwai kifin Astyanax, wanda wasunsa ke zaune a koguna suna ayari, wasu kuma sun shige kogunan dutse masu duhu, sun rasa idanu, sun daina ayari. Johanna Kowalko da abokanta a Harvard, su ma a 2013, sun nuna cewa gani na da muhimmanci ga ayarin wannan kifi, amma akwai wani kaso na rasa halin da ba ruwansa da makanta. Kifi daban, hanya daban, sakamako iri ɗaya. Ba ƙofa ɗaya ake bi a bar ayari ba.

Wani gwajin da ya fi burge ni ta fuskar ma'auni shi ne na Alexander Kotrschal da abokansa a Sweden, wanda aka wallafa a 2020 kan kifin gofi. Su rukuni na kifaye masu rai suka auna. Suka riƙa zaɓen matan da rukuninsu ya fi jeruwa suna barinsu su haihu. Cikin zuriya uku kacal, jeruwar ta ƙaru da kashi 15 cikin 100 in aka kwatanta da waɗanda ba a yi wa zaɓe ba. Wannan na nuna cewa a cikin al'umma ɗaya akwai bambancin gado da ya isa ya sauya halin rukuni cikin hanzari. Raunin wannan hanya kuma shi ne, zaɓe shi kaɗai ba ya gaya maka wace ƙwayar gado ce ta yi aikin. Ka ga kowace dabara da abin da take sayarwa don ta sayi wani: ƙafar keke ta sayar da rukuni ta sayi sunan ƙwayar gado, gwajin gofi ya riƙe rukuni ya bar sunan.

Sai kuma wani gargaɗi daga kifin moli na Amazon, wanda duk mata ne, 'ya'ya kuma kwafin uwarsu ne a gado. Masu bincike a Berlin sun nuna a 2017 cewa ko an raine su cikin yanayi kusan iri ɗaya, kowacce na fitowa da halinta. Gado ɗaya, tarbiyya ɗaya, hali daban. Saboda haka in ka ga bambanci tsakanin kifaye a ayari, kada ka yi saurin cewa duk daga DNA yake.

Hukuncina

Me ya sa na tsaya ina jan magana a kan kifin da bai kai yatsa ba? Saboda irin wannan labari ba ya tsayawa a kan kifi. Yau an ce ƙwayar gadon ayari, gobe wani zai ɗauko ya ce ai shi ya sa wasu mutane ba su da zumunci, ko wata ƙabila haka Allah ya yi jininta. Alhali in ka koma ga asalin aikin, abin da yake koyarwa kishiyar haka ne. Ko a ƙaramin kifi, hali ɗaya ya rabu gida-gida, kowane gida da tushensa, ƙwayar gadon da aka kama kuwa aikinta na fili shi ne gina fata da sulke da gaɓoɓin ji.

Ga abin da nake ganin binciken Seattle ya tabbatar, ba ƙari ba ragi: tsakanin wasu al'ummomi biyu na sitikilbak akwai bambancin gado a yadda kifi ɗaya ke amsa wa ayari mai motsi, bambancin ya kasu aƙalla biyu, kuma Eda na da hannu a ɗaya daga cikinsu. Wannan babban abu ne, ba ya bukatar a yi masa ƙarin gishiri.

Abin da zan so in gani a gaba shi ne a haɗa ƙarfin hanyoyin biyu. Yanzu akwai manhajojin kwamfuta da ke bin kowane kifi a cikin rukuni daga bidiyo ba tare da sun rikita shi da wani ba. A ɗauki kifayen da aka san sigar Eda ɗinsu, a haɗa rukunoni: wannan duk masu sigar teku, wancan duk masu ta tafki, wani rabi da rabi, wani kuma guda ɗaya cikin tara. Sai a duba ko kifi ɗaya mai tafiya a karkace na ɓata ayarin, ko kuwa ayarin ne ke miƙar da shi. Ranar da aka amsa wannan, za mu iya cewa mun fara sanin gadon ayari.

Kafin nan, duk lokacin da ka ci karo da labarin an gano ƙwayar gadon wani hali, yi wa labarin tambaya uku. Me aka auna takamaimai? Su wa aka kwatanta da wa? An sauya ƙwayar an ga halin ya motsa, ko tare kawai aka gansu? Aikin Greenwood da Peichel ya ci tambaya ta uku da maki mai kyau. A ta farko da ta biyu ne ya kamata mu riƙa faɗin iyakarsa in muna ba da labarinsa.